Tarihi, tauhidi da sharhin zane: me ya sa ɗalibanmu ke cika shafi goma su samu 6 bisa 20

Shagon buga takardu da fotokofi gare ni a nan Marwa ta ƙasar Kamaru, shekara ta bakwai kenan tun da na gama lisans, wato digirin farko, a fannin tarihi aiki bai samu ba, toh kun san dai yadda abin yake, abin da mutum ya samu shi zai kama. Amfanin zaman nan ɗaya shi ne aikin gidan da malamai ke ba ɗalibai sai ya bi ta hannuna kafin ya kai teburin malami, ni ke bugawa ni ke ɗaurewa, bayan sati biyu ko uku kuma su dawo su nuna min maki, wani na dariya wani kamar an masa mutuwa. Har 'yan Cadi da ke karatu a nan suna kawo min, har ma waɗanda ke makarantun addini, na Musulmi da na Kirista duka, don injin bugawa ba ruwanshi da aƙida.

Abin da na lura da shi shi ne yaro zai zauna kwana huɗu ya cika shafi goma da rubutu mai tsabta, babu ƙarya a ciki ko ɗaya, amma a ba shi 6 bisa 20 a rubuta mishi da jan biro cewa ya fita daga batu, or-suje kamar yadda suke cewa, sai ya zo yana ce min Yaya wlh malamin nan ba ya sona ne. In na karanta sai in ga malamin bai zalunce shi ba. An ba shi aikin tarihi ya yi wa'azi, ko an ba shi aikin tauhidi ya ba da labari, ko an ce ya yi sharhin wani zane ya kwafo tarihin rayuwar mai zanen tun daga ranar suna har kabari. Takardun uku kamanninsu ɗaya ne a ido, gabatarwa da gundarin magana da kammalawa, shi ya sa yara ke ɗauka abu ɗaya ne, alhali kowanne da irin hujjar da yake karɓa. Malamin tarihi yana son ya ji wa ya faɗa kuma me ya sa za mu yarda da shi. Na tauhidi yana son ya ga yadda ka tashi daga nassi ka kai ga hukunci ba tare da ka tsallake tsani ba. Na fasaha kuwa idonka yake tambaya.

Bari in fara da tsarin da muka gada daga Faransa, don shi ke fara rikita mutane, kuma daga Ngaundare har Njamena kusan shi ake bi. Manyan ayyuka biyu ne, disartasiyo da kwamanter. A disartasiyo jumla ɗaya za a ba ka wani lokaci ma kalma uku kawai, kai za ka tono tambayar da ke ɓoye a ciki, ita ce furoblematik ɗin da ke hana ɗalibai barci. A kwamanter kuma takarda za a ba ka, wasiƙa ko rahoto ko jawabi, a ce ka fasa ta. Yawancin yara sun ɗauka furoblematik shi ne ka maimaita batun ka sa alamar tambaya a ƙarshe. A'a. Sai ka samo abu biyu da dukkansu gaskiya ne amma suna karo da juna, tambayarka ta fito daga wurin karon. Sannan wannan tsarin da aka haddace a lise, wato sakandare, na e, a'a, sai sulhu a tsakiya, na falsafa ne, a tarihi ya fi kyau ka bi zamani-zamani ko jigo-jigo, in ka matsa ma tarihi sai ya shiga wancan ƙwaryar za ka ga kana jayayya da abin da ya riga ya faru.

Misalin da ya fi zuwa shagona shi ne jihadi a Fombina, wato ƙasar Adamawa. Abin da yaro zai rubuto: Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara jihadi a 1804, Modibbo Adama ya karɓo tuta, ya yi yaƙe-yaƙe, ya zauna a Yola a 1841, ya rasu, Allah ya jiƙanshi. Duk daidai ne, amma wannan ko a gindin darbejiya za a ba ka shi kyauta. Ina karon yake? Ga shi: in yaƙin na shigar da mutane Musulunci ne zalla, me ya kai Adama yaƙi da Mandara har ya shiga Dulo babban birninsu, alhali sarakunan Mandara Musulmi ne tun farkon ƙarni na 18? Kuma me ya sa bayan an kafa lamidodi, wato masarautun Fulani da lamiɗo ke riƙewa, misali Ngaundare da aka gina a kan ƙasar Mbum wajajen 1830 da wani abu, aka ci gaba da kai hari ana kamo bayi maimakon a musuluntar da su, tunda wanda ya musulunta tun kafin a kama shi shari'a ba ta yarda a bautar da shi ba? A ɗaya ɓangaren kuma ba za ka ce babu addini a ciki ba, don an kafa alƙalai an gina masallatai, malamai sun zo daga Sakkwato da Barno da ƙasar Hausa, kakannin wasunmu ma ta wannan hanyar suka zo, wasu da allo wasu da fatauci. Toh kaga abu biyu sun yi karo, yanzu kana da tambaya: yaya niyyar gyaran addini ta zauna tare da buƙatar makiyaya ta ƙasa da ta sarakuna ta bayi da haraji, kuma a wane lokaci wanne ya rinjayi wanne. Wannan tambayar kaɗai in ka rubuta ta da kyau a gabatarwa ka riga ka kama hanyar mwayen, wato rabin maki, 10 bisa 20.

Akwai wani abu da ba a son faɗa amma ni zan faɗa. A aji ɗaya kana zaune da ɗan Giziga, wanda Marwan nan garin kakanninshi ce kafin Fulani su karɓe ta, da ɗan Mafa da kakanninshi suka hau dutse don gudun mahaya dawaki, kuma mai yiwuwa malamin da zai duba takardar daga cikinsu yake. Abin da kakarka ta kira buɗi kakarshi ta kira shi hari. Aikin tarihi bai ce ka zagi kakanninka ba, bai kuma ce ka yi musu kirari ba, abin da yake so ka sa labaran biyu a kan tabarma ɗaya ka auna. Kalmomi irin su kirdi ko arna ko kafirai in za ka sa su to ka nuna cewa maganar mutanen wancan lokacin ce ka ɗauko, kar su fito daga bakinka kamar sunan yanka. Na ga takarda mai kyau da ta faɗi saboda wannan kawai.

Kwamanter kuma tarkonshi daban ne, shi ne ka sake faɗin abin da takardar ta faɗa da wasu kalmomi, ka ɗauka ka yi aiki. A ce an ba ka rahoton wani hafsan Faransa kan yaƙin Kusiri na ran 22 ga Afrilu 1900, ranar da aka kashe Rabe, mayaƙin nan da ya ci Barno da yaƙi, aka kuma kashe kwamandan Faransawa Lami a fage ɗaya, shi ne aka sa wa sansanin da ke tsallaken kogi sunan For-Lami har zuwa 1973 da Tombalbaye ya mai da shi Njamena. Kafin ka taɓa abin da ke cikin rahoton sai ka tambayi rahoton kanshi. Wa ya rubuta, wa yake rubuta wa, yaushe, me yake nema? Hafsa ne yake rubuta wa na gaba da shi, yana son a ga ya yi jarumta, yana son Paris ta ci gaba da turo kuɗi, saboda haka abokan gaba za su yi yawa a lissafinshi, Rabe zai fito baƙin azzalumi mai cinikin bayi su kuma su fito masu ceto. Ba wai ƙarya ce tsagwaronta ba, Rabe ya rushe Kukawa a 1893 ya koma Dikwa, mutanen Barno da Bagirmi sun sha wuya a hannunshi sosai. Amma abin da rahoton ya yi shiru a kai nan maki yake. Rundunoni uku ne suka haɗu a Kusiri, ɗaya ta ratso Sahara daga Aljeriya, ɗaya ta biyo kogin Shari ƙarƙashin Janti, ta ukun kuwa ragowar rundunar Vule da Shanwan ce, wadda ta ƙona garuruwa a ƙasar Hausa har da Birnin Ƙonni a 1899. Kaga masu ceton ma da jini a hannunsu. Kuma mafi yawan masu riƙe da bindigar baƙaƙe ne, ga mayaƙan Sarkin Bagirmi Gauranga da suka mara musu baya don su ma suna da tasu a ƙasa da Rabe. Ɗalibin da ya fito da wannan ya fasa takarda, wanda ya ce marubucin ya nuna mana an gwabza ƙazamin faɗa ya yi fassara ne kawai.

Abin da ke ba ni haushi shi ne wannan dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya san isnadi, ya san ba a karɓar hadisi sai an tambayi wa ya ji daga wa, shin sun haɗu, shin mai ruwayar yana da mantuwa ko son rai. Yaron da zai tsare ka a majalisa ya ce wannan hadisin waye ya ruwaito shi, shi ne zai kwafo shafi guda daga intanet bai san ko wa ya rubuta ba. Haka in an tura su hira da tsofaffi, sai su je fada su ji daga bakin mutum ɗaya su dawo, alhali kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, mutumin fada ba zai ce maka kakan lamiɗo ya taɓa gudu daga fagen fama ba. Marigayi Eldridge Mohammadou, wanda ya rasu a 2004, shekaru ya yi yana yawo da rakoda yana ɗaukar tarihin Marwa da Garwa da Rai Buba daga bakin masu shi, kuma ko aikinshi sai ka tambaya su waye ya samu zama da su su waye bai samu ba. In ka yi hira ka rubuta shekarun tsohon da garin da ranar da kuma harshen da kuka yi magana da shi, ba ado ba ne, isnadinka kenan.

Tauhidi kuma galibi ba a jami'o'in gwamnati ake yinshi a matsayin fanni ba, tunda Kamaru da Cadi duk tsarin mulkinsu ya raba gwamnati da addini. Namu suna yi a ma'ahadai da sassan Larabci, ko Jami'ar Sarki Faisal a Njamena, wasu su wuce Sayi ta Nijar ko Azhar ko Madina, su nasu aikin bahasi suke ce mishi, da muƙaddima da babi da fasali. 'Yan'uwa Kiristoci kuma suna da babbar seminar Katolika a nan Marwa da ta Bakara kusa da Njamena, 'yan Lutheran suna da tasu a Meganga, kuma abin sha'awa su ma da Hausa ilimin tauhidi suke kiran fannin.

Hanyar da na fi gane bambancin tarihi da tauhidi ita ce in ɗauki takarda ɗaya in ba su su biyun. Ga wasiƙun da Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Barno ya yi musaya da Sakkwato, waɗanda Muhammadu Bello ya adana a littafinshi Infaƙul Maisuri na 1812. Al-Kanemi cewa yake: da wace hujja kuke yaƙarmu alhali muna salla muna azumi muna ba da zakka, in don cin hanci ne da cin dukiyar marayu da fitar mata ba lulluɓi, waɗannan saɓo ne, saɓo kuma ba ya fitar da mutum daga Musulunci, kuma babu ƙasar Musulmi da babu masu saɓo. Bello ya mayar da cewa ba don saɓo ba ne, don ana yanka wa duwatsu da itatuwa ne, kuma don Barno ta taimaki sarakunan Hausa a kan jama'ar Shehu Usmanu. Ɗan tarihi zai tambaya me ya sa al-Kanemi ya rubuta a wannan lokacin, me Barno ta rasa a yaƙin, yaya wasiƙun suka ɗaga darajarshi sama da ta Mai, wato sarkin Barno, kuma ya lura cewa ta hannun ɓangare ɗaya muka samu mafi yawansu. Shi ba ruwanshi da wa ke da gaskiya a wurin Allah, ba huruminshi ba ne. Ɗan tauhidi kuwa wannan ɗin ne aikinshi, amma ba da zuciya ba. Zai koma asalin mas'alar, shin babban zunubi yana kafirta mai shi? Hawarijawa suka ce e, Mu'utazilawa suka ce yana wani matsayi tsakanin biyu, Ahlus Sunna suka ce mumini ne mai saɓo. Toh tunda al-Kanemi da Bello duk Malikawa ne kuma duk sun yarda da wannan na ƙarshen, ina ainihin saɓanin? Sai ya gano ba a kan ƙa'idar suka saɓa ba, a kan ɗora ta ne, wane aiki ne saɓo wane ne shirka, kuma taimakon wani sarki a kan Musulmi yana kai wa ina. In ɗalibi ya iya ware wannan, ya nuna nassin da kowa ya dogara da shi da yadda ya fahimce shi, sannan ya faɗi wanda ya fi ƙarfi a ganinshi da dalili, ya gama.

Amma me suke kawo min? Huɗuba. Shafi uku na ya ku 'yan'uwa mu ji tsoron Allah, ayoyi a jere ba a ce ga abin da kowace ke tabbatarwa ba, hadisi ba a ce daga wane littafi ba, sai an ruwaito. Jera ayoyi goma ba hujja goma ba ce in ba ka nuna wajen kafa hujjar ba, wanda kake jayayya da shi ma ya san ayoyin nan, wataƙila ya fi ka haddarsu. Littattafan malamanmu na da cike suke da in aka ce kaza sai mu ce kaza, wato sai sun ba abokin hamayya bakin magana kafin su amsa. Nan ne kuma ake gane wanda ya yi karatu, ka iya faɗin ra'ayin da ba naka ba yadda mai shi zai ji ya ce e haka nake nufi. Ɗan Izala ya bayyana hujjar 'yan Tijjaniya ba tare da habaici ba, ɗan ɗariƙa ma ya yi hakan. Wani ɗan seminar ya taɓa kawo min aiki kan taron Nikiya na shekarar 325, inda aka yi hukunci a kan koyarwar Ariyus mai cewa Ɗa, wato Yesu, halitta ne ba daidai yake da Uba ba. Ni Musulmi ne ina bugawa ina jin abin a raina, amma sai da na yaba mishi, don ya shimfiɗa hujjar Ariyus da ayoyin da ya riƙe tsaf har kamar zai bi shi, sannan ya juyo ya warware ta bisa koyarwar cocinsu. 15 aka ba shi. Da za a ce ɗalibinmu ya rubuta abin da Kirista ke nufi da Triniti, wato Allah-Uku-Cikin-Ɗaya, da yawa raddi za su rubuto tun daga layin farko, kuma ba shi aka tambaya ba.

Sharhin zane shi ne wanda aka fi rainawa kuma shi aka fi faɗuwa. Matakan ba su da wuya a baki: ka faɗi abin da ke wurin, ka faɗi yadda aka tsara shi, sannan me yake nufi, sannan ra'ayinka. Yara sai su tsallake biyun farko su dira a kan na ƙarshe, zanen nan yana da kyau ƙwarai yana nuna al'adunmu na gargajiya, shi kenan sai tarihin mai zane. Wata matsalar kuma ba laifinsu ba ne, a waya suke ganin komai. Mona Lisa faɗinta santimita 53 tsayinta 77, a kan katako aka yi ta, za ka iya rungumarta. Gernika ta Pikaso da ya zana a 1937 bayan an yi wa wani gari a Sifen ruwan bama-bamai, faɗinta ya kusa mita 8 tsayinta mita 3 da rabi, baƙi da fari da toka-toka ne kawai, bango guda take cinyewa. A fuskar waya duka biyun girman tafin hannu ne. Yaya za ka yi maganar abin da zane ke yi wa mai kallo alhali ba ka san ko kai za ka sunkuya ka leƙa shi ba ko shi zai rufe ka? Shi ya sa duk wanda aka bar wa zaɓi nake ce mishi ƙanena ɗauki abin da ƙafarka za ta kai ka, gani ya kori ji.

Kuma muna da su. Je ka Pus ko Maga kusa da kogin Logon ka ga ɗakunan Musgum, teluk, waɗanda yanzu saura kaɗan don mutane sun koma bulo da kwano. Ka tsaya ka rubuta abin da ka gani kafin ka buɗe kowane littafi. Ɗaki ne na laka zalla babu ginshiƙi babu azara, ya tashi kamar rabin ƙwai mai tsini ya ninka tsayin mutum sau uku ko fiye, bangon da kauri a ƙasa yana sirancewa yana hawa, a can ƙoli akwai kafa ta fitar hayaƙi da ake rufewa in ruwa ya zo, ƙofar matsattsiya a ƙasa mai faɗi a sama. Jikinshi duk tudu-tudu ne a jere kamar an yi mishi zube. Sai mataki na biyu, me waɗannan tudun ke yi? Su ne matakalar da magini ke takawa yana ɗora gini, su ake hawa a yi yaɓe in damina ta wuce, su ke karya gudun ruwan sama kar ya zaizaye bango, kuma su ne ke kama inuwa da hantsi da la'asar har ɗakin ya riƙa canza fuska. Kaga tun kafin ka kai ga ma'ana ka riga ka samu abin faɗa, cewa a nan ado da amfani abu ɗaya ne ba a raba su. Wannan jumlar daga idonka ta fito, malami zai gane, kuma ba za a same ta a takardar na kusa da kai ba.

Ido ma ai muna da shi, a kasuwa muke barinshi. Ka ga dattijo zai sayi babbar riga, ya ɗaga ta ga haske, ya juya cikin aikin ya duba bayan ɗinki, ya ƙirga asake ya ce wannan aska takwas ce amma tambarin ya karkace, zaren ba na hannu ba ne na keke ne. Ko mata a gaban ƙwarya mai zane, ko mai sayen jakar fata a kasuwar masu sana'ar hannu ta Marwa yana shinshina jima. Sharhin fasaha kenan, rubutawa ce kawai ba a yi ba. Sai kuma maganar da wasu ɗalibai ke yi min a asirce, wai Yaya an ba mu gumakan Sao, ya halatta? Waɗannan 'yan mutum-mutumin yumɓu ne da aka tono a tuddan ƙasar Kotoko tun shekarun 1930, akwai su a gidan tarihi na Gawi kusa da Njamena. Ni ba mai fatawa ba ne, abin da nake cewa shi ne ba a ce ka sassaƙa ba ba a ce ka yi sujada ba, an ce ka faɗi girman kan a kan jikin da yadda aka fito da idanu da leɓe, da abin da wurin da aka tono shi ke nunawa. In kana son ka tattauna hukuncin sura to ka ajiye shi sai ajin fiƙihu, can ma aiki ne mai daɗi. Kawo shi nan or-suje ne.

Ba wai fannonin ba sa haɗuwa ba ne. Fada Engelbert Mveng, limamin Katolika ɗan Kamaru da aka kashe a 1995, ya rubuta tarihin Kamaru tun 1963, malamin tauhidi ne, kuma mai zane ne da ayyukanshi ke bangon majami'u a Yawunde da Nairobi. Mutum ɗaya hula uku. Sai dai irinsu sun san wace hula ce a kansu a kowane lokaci, shi kuma ɗan aji ɗaya duka ukun yake kifawa lokaci guda.

Harshe ma yana cin maki ba a sani ba. Muna tunani da Hausa ko Fulatanci ko Larabcin Cadi, mu rubuta da Faransanci, a hanya abubuwa ke zubewa. Lamiɗo in ka mai da shi sarki mai cikakken iko ka ɓata, don yana ƙarƙashin Yola, Yola kuma tana ƙarƙashin Sakkwato, in kuma ka kira shi shef kamar yadda Turawan mulki suka yi ka rage mishi tsawo. Bawan fada mai riƙe da sarauta da dawaki da bawan da ke noma a rumde, wato ƙauyen bayi, duk kalma ɗaya Faransanci zai ba su. Gara ka bar kalmar yadda take ka yi mata bayani sau ɗaya a ƙasan shafi. Haka bidi'a, haka shirka, haka taƙlidi.

Sai ChatGPT, wanda yanzu rabin abin da ake kawo min a kile, wato filasha, daga can yake. Tun daga layi na biyu nake ganewa, Faransanci sumul babu tuntuɓe, kowane sakin layi tsawonshi ɗaya, kuma babu Dulo babu Pus babu komai da za ka taɓa da hannu. Mafi muni yakan ƙirƙiro sunan littafi da lambar shafi da babu su a duniya, ko ya jingina wa malami maganar da bai yi ba, a aikin tauhidi kuwa wannan ya wuce asarar maki. Ban ce kar a taɓa shi ba, ni ma ina sa shi ya duba min kuskuren nahawu. Watan jiya wata yarinya 'yar aji biyu ta kawo min shafi takwas a kan zanen ƙwarya, na karanta na ce ƙanwata a cikin nan duka wace ƙwarya ce kika gani da idonki, ta yi shiru, can ta ce ai akwai su a ɗakin Inna a jere, na aurenta ne. Na ce je ki sauko da ɗaya ki auna bakinta da zare, ki ƙirga layukan, ki duba inda wuƙar ta ƙona da yawa da inda hannu ya kauce, ki tambayi Inna sunan kowane zane da wa ya yi mata da kuma shekarar. Ta dawo bayan kwana uku da shafi huɗu rubutun hannu duk gogewa, ta ce Inna ta riƙe ta har dare tana ba ta labarin matar da ta zana su, wai sai da aka kai mata gero kafin ta yarda ta fara. Muna cikin bugawa aka ɗauke wuta a shafi na uku, sai washegari da safe muka ƙarasa ta ruga da shi ko ɗaurewa ba a yi ba.